RAUNIN DA BA SHI DA MAGANI

Karatunmu na yau yana cikin Littafin Irmiya sura 30. Wanda yake da Littafi Mai Tsarki kusa, sai ya buɗe mu duba tare.

A aya ta 12 Ubangiji ya faɗa wa mutanensa cewa rauninsu ya fi ƙarfin magani. Ka sauko kaɗan zuwa aya ta 17, sai ka ji ya yi alkawari zai warkar da wannan raunin. Ayoyi huɗu kaɗai ke tsakaninsu. To, wanne za mu riƙe? Mutane da yawa sun yi tuntuɓe a nan. Waɗansu sukan ce Littafi yana saɓa wa kansa. Waɗansu kuma, su ne suka fi yawa a cikinmu, sukan ja layi a ƙarƙashin aya mai daɗi su tsallake mai ɗaci.

Mu duba zamanin. A shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, Nebukadnezzar sarkin Babila ya kwashe sarkin Yahuza da manyan gari da masu sana'a, ya tafi da su. Waɗanda suka ragu a Urushalima suna ƙishin jin kalmar ƙarfafawa. Sai ga wani annabi, Hananiya mutumin Gibeyon, ya tsaya a Haikali ya ce kafin shekara 2 kowa zai komo gida. Labarin yana sura 28. Har ya cire karkiyar itace da Irmiya ya rataya a wuya ya karya ta a gaban jama'a. Wa zai ƙi irin wannan wa'azi? Irmiya kansa ya amsa da Amin, gama shi ma abin da zuciyarsa take so ke nan. Amma Ubangiji ya sake aiko shi da saƙo cewa karkiyar ƙarfe ce za ta maye gurbin ta itace. Hananiya ya yi annabcinsa a wata na 5, ya mutu a wata na 7.

Ɗan'uwana, 'yar'uwata, ta'aziyya iri biyu ce. Akwai wadda take rufe gyambo da tsumma mai tsabta don kada ido ya gani, ruɓa kuwa tana ci gaba a ciki. Irin wannan ce Irmiya ya tsawata wa annabawa da firistoci a kanta a sura 6. Har wa yau ana sayar da ita, tana kuwa da kasuwa. Sai a ce maka wahalarka za ta ƙare kafin ƙarshen wata, ba a tambaye ka zancen tuba ba, ba a kuma tambayi Allah ba. Watan ya wuce, ka koma gida da ciwonka, ga kuma bangaskiyarka ta raunana.

Yanzu mu koma kan ayarmu. Sa'ad da aka ce raunin ba shi da magani, ayoyi 13 da 14 sun bayyana dalili. Ba mai tsaya wa Yahuza, abokan da ta dogara gare su duk sun manta da ita. Wato a hannun mutum magani ya ƙare. Masar ba ta iya ba, dabarun fada ba su iya ba. Aya ta 12 tana gaya mana iyakar ikon ɗan adam, aya ta 17 kuwa tana gaya mana abin da Allah da kansa zai yi. Muddin Yahuza tana tsammani tana da sauran magani a buhunta, ba za ta miƙa hannu ga mai warkarwa ba. Maɗori ma sai ya ja ƙashin da ya karye kafin ya ɗaure shi, mai karaya yana ihu.

Haka kuma aya ta 11 ta sura 29, wadda muke ƙauna ƙwarai, mai zancen shirin alheri da Allah yake da shi. Ku tuna wa aka rubuta wa. Bayi ne a baƙuwar ƙasa, an kuwa riga an faɗa musu a aya ta 10 cewa sai shekara 70 ta cika. Dattawan da suka ji wasiƙar, yawancinsu a Babila aka binne su. Duk da haka aka ce su gina gidaje, su dasa gonaki, su aurar da 'ya'yansu, su yi wa birnin da ya kama su addu'a. Babila ta faɗi a hannun Sairus a 539, jikokinsu suka koma.

Irmiya bai tsaya ga magana kawai ba. A sura 32, yana tsare a gidan waƙafi, sojojin Babila sun kewaye birni, shi kuwa yana ta cewa birnin zai faɗi. A daidai wannan lokaci ya sayi gona a Anatot daga hannun Hanamel ɗan'uwansa, ya auna shekel 17 na azurfa a gaban shaidu, ya sa Baruk ya ajiye takardun a tukunyar yumɓu domin su daɗe. Bakin da ya yi shelar hukunci, shi ne kuma ya yi cinikin gonar.

Ke da kike kuka a daren nan, kai da lamirinka yake ƙararka, kada ku ji tsoron aya ta 12. A kan gicciye Yesu ya ɗauki wannan hukunci a jikinsa. Kafin mu sake saduwa mako mai zuwa, ku karanta sura 30 zuwa 33 gaba ɗaya, kada ku tsallake ko aya guda.