KAMUN KIFI DAGA HUNTURU ZUWA BAZARA A RUWAN BAKOLORI

Jawabin malamin gona ga masuntan Talata Mafara, Bakura da Maradun

Sarkin Ruwa, ranka ya daɗe. Iyayena sarkawa da sauran 'yan'uwa masunta, ina yi muku barka da zuwa. Ni ɗanku ne, ban zo don in koya muku jefa birgi ba, gama kun fi ni sanin wannan tun ban san hagu da dama ba. Magana ɗaya ce ta kawo ni, ita ce wannan: kifin da muke kamawa daga watan Janairu zuwa watan Mayu, shi ne irin kifin baɗi. Yadda manomi ba ya cinye irin shukarsa da rani, haka nan bai kamata masunci ya ƙarar da iyayen kifi kafin damina ta faɗi ba.

RUWAN DA MUKE SU A CIKINSA

An gama ginin madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato cikin 1978. In ta cika takan tara ruwa wajen kubik mita miliyan 450, tafkin kuma yakan rufe fili kamar hekta 8,000. Don noman rani aka yi ta. Saboda haka da zarar kaka ta wuce, sai a riƙa sakin ruwa cikin magudanai zuwa gonakin shinkafa da na kayan lambu, rana kuma tana shan nata. Ruwan ya yi ta ja da baya har ruwan sama ya sauka.

Dattawanmu sun san cewa kafin a datse gulbin, ambaliya takan mamaye fadamu kowace damina, kifi ya bi ta ya hayayyafa cikin ciyawa. Tun da aka datse shi ambaliyar ta ragu a ƙasan madatsar, wuraren haihuwar kifi suka ragu tare da ita. Watau abin da Allah ke mayar mana kowace shekara bai kai na dā ba, masu kamawa kuwa sun ƙaru. Shi ya sa dole mu yi lissafi.

LOKACIN HUNTURU: DISAMBA ZUWA FABRAIRU

Jikin kifi ba ya riƙe ɗumi irin namu. In ruwa ya yi sanyi, shi ma sai ya yi sanyi, ya rage yawo, ya rage ci. Karfasa takan rage cin abinci sosai in sanyin ruwa ya sauko ƙasa da digiri 20, abin da kan faru da asuba a tsakiyar hunturu. Ga abubuwan lura:

1. Kada ku ɓata ƙarfinku a bakin gaɓa da sassafe. Kifi yana can gurbi mai zurfi, inda ruwa bai cika sauyawa ba. Daga azahar zuwa la'asar, in rana ta ɗumama ruwan gefe, sa'an nan karfasa ke fitowa, birgi ya yi amfani.

2. Mai fatsa ya sauke ƙugiyarsa kusa da ƙasa, ya rage girman abincin da ya sa, ya kuma yi haƙuri. Tarwaɗa da ragon ruwa da ƙurungu duk a ƙasa suke kiwo, sun fi ɗaukar tana da hanjin kaza daga magariba zuwa dare.

3. Giwan ruwa da tsage 'yan'uwansu kifi suke ci. Ku neme su inda ƙananan kifaye ke taruwa, kamar gefen duwatsu da tsohuwar hanyar gulbi. Giwan ruwa ba ya jure ruwan da ba shi da isasshiyar iska, don haka ba a cika samunsa a kududdufi ba.

4. Kifin da ya mutu cikin kalli ba ya saurin lalacewa yanzu kamar da bazara. Duk da haka a duba kalli kowace safiya.

5. Iskar hunturu takan tashi da hantsi, hazo kuma yakan ɓoye gaɓa. Kada a cika wa jirgi kaya. Wanda ke da rigar ruwa ya sa ta, ko da ya iya iyo, don sanyi yakan ɗaure ƙafar gwani. Kowa ya san halin tsaro da yankinmu ya shiga a shekarun nan: kada mutum ya tafi nesa shi kaɗai, a gaya wa na gida inda aka nufa.

LOKACIN BAZARA: MARIS ZUWA MAYU

Nan ne maganar take. Ruwa ya ja baya, tafkuna sun tsuke, kifi ya taru wuri ɗaya. Kamu ya yi sauƙi, har yaro da ƙwarya sai ya samu. To amma mu dubi abin da ke cikin kifin.

Wata rana cikin watan Afrilu na tsaya a bakin ruwa inda mata ke gyaran kifi. Tarwaɗar da aka fede a gabana, cikinta cike yake da ƙwai. Na dubi ta biyu, haka. Ta uku, haka. A gefe kuma ga tire cike da 'yan karfasa waɗanda ba su kai tsawon ɗan yatsa ba, an kamo su da gidan sauro. Na ce a raina, yau mun ci uwa mun ci ɗiya, baɗi wa za mu kama?

Ga yadda haihuwarsu take:

Tarwaɗa. Ƙwanta yana ƙosawa da bazara, amma ba ta zubarwa sai ruwan damina ya ƙaru ya shiga ciyawa. Mace mai nauyin kilo ɗaya takan ɗauki ƙwai fiye da 30,000.

Karfasa. Da ruwa ya yi ɗumi namiji kan share 'yar rami a rairayin da ba zurfi, mace ta zuba ƙwai. Irin wadda muka fi gani, uwar ce ke kwashe ƙwan cikin bakinta, ta riƙe har su ƙyanƙyashe, ba ta cin kome a kwanakin nan. Jan taru a bakin gaɓa yana rushe ramukan, uwar kuma in ta firgita sai ta tofar da ƙwan.

Bargi da yauni. Sheƙa suke yi da ciyawa in ruwa ya ƙaru, su tsare 'ya'yansu. Ƙone ciyawar bakin tafki ƙurmus da rani rushe musu gida ne.

Gaiwa. Ita kam takan shige cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta kwanta har ruwa ya dawo. Kada a tone fadama duka, a bar wani sashe.

Wani abu kuma, ruwan zafi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi. In kun ga kifi na ɗago baki sama da asuba a ƙaramin tafki, iskar ruwan ce ta yi ƙaranci. Irin wannan tafki da zai ƙafe ƙaf kafin damina, a yi su a cikinsa, a kwashe, babu laifi. Amma gurbin da ba ya ƙafewa, shi ne rumbun iri. Shi nake roƙon a taɓa da hankali.

ABUBUWA BIYAR DA ZA MU YI

Na ɗaya, idon raga. Dokar Gwamnatin Tarayya ta kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa, mai lamba 108 ta 1992, ta hana su da ragar da idonta bai kai milimita 76 ba, watau inci 3. Gwajin ba wuya. A yanki tsinke mai tsawon inci 3, a ja idon ragar ya miƙe, a auna daga ƙulli zuwa ƙullin da ke fuskantarsa. In tsinken ya fi idon tsawo, ragar ta yi ƙanƙanta. Mai babbar raga zai ga kifinsa ya ragu a ƙidaya, amma ku tambayi dillalai a kasuwar Talata Mafara ran Talata: karfasa guda mai cika tafin hannu, da tarin 'yan mitsi-mitsi, wanne ya fi kawo kuɗi?

Na biyu, gidan sauro na gado ne. Ba ya barin ko ɗan tsako ya wuce, akwai maganin ƙwari a jikinsa, yaran gida kuma an bar su ga sauro. Hasara uku ke nan.

Na uku, guba. Dokar nan ta hana zuba guba, da tada nakiya, da sa lantarki cikin ruwa. Gamalin, wanda sinadarinsa ya shiga jerin waɗanda ƙasashen duniya suka amince a daina cikin 2009, da magimfa, da ɓawon aduwa, da ragowar maganin feshi, duk ba su san babba da yaro ba. Ruwan nan shi shanu ke sha, shi mata ke ɗiba, kifin kuma mu ke ci. Manoman rani da ke cikinmu, don Allah kada a wanke famfon feshi cikin magudana. A ɗebi ruwa a je nesa da gaɓa, a wanke can.

Na huɗu, a sake mai ƙwai. In tarwaɗa ta zo da ranta, cikinta ya kumbura ya yi taushi, a mayar da ita. Gura da undurutu sun fi kyau a nan, gama kifi na fitowa da rai, mutum ya zaɓa. Mamari kuwa yakan raunata kifin da ya kuɓuce, a rage shi a wannan lokaci.

Na biyar, a keɓe gurbi. Kowane gari, ko a bakin Bakolori ne, ko a Tafkin Natu ta wajen Bakura, ko a guraben gulbi, su zauna da Sarkin Ruwa su zaɓi gurbi ɗaya ko biyu da ba za a taɓa ba daga watan Afrilu har ruwa ya cika. Mutum ɗaya ba zai iya wannan ba, don in ya bari wani ya kwashe. Sai an haɗa baki, an kuma yarda da tarar wanda ya karya.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Ku dubi Argungu. Bikin kamun kifinsu ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu cikin 1934, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin al'adun duniya abin adanawa a 2016. Me ya sa ake fito da manyan giwan ruwa daga Matan Fada da homa da gora kawai? Don ana hana su a wurin, ana bari kifi ya girma har ranar biki. Haka kuma a ƙasashen sanyi. A Jihar Minesota ta Amurka, inda tafkuna ke daskarewa har a huda ƙanƙara a zura fatsa, akan rufe kamun wasu manyan kifayensu daga ƙarshen Fabrairu zuwa wajen tsakiyar Mayu, don lokacin ne suke zuba ƙwai. Nasu na haihuwa in ƙanƙara ta narke, namu in damina ta faɗi, amma dabarar ɗaya ce.

KADA ABIN DA AKA KAMA YA LALACE

Wani zai ce, "Malam, in na rage kamu, da me zan ci da iyali?" Tambaya ce ta gaskiya. Amsar farko ita ce a daina hasarar wanda ya riga ya shigo hannu. Da bazara kifi kan fara wari cikin 'yan awoyi.

1. A duba kalli da asuba, in an bar shi da rana a sake dubawa. A rufe kifi da jiƙaƙƙen buhu cikin jirgi, kada rana ta buge shi.

2. A fede, a cire hanji da matsattsaku na kunne, a wanke da ruwa mai tsabta. Kada a ajiye a ƙasa.

3. A jiƙa shi cikin ruwan gishiri na ɗan lokaci, a bari ya tsane kafin a ɗora a wuta.

4. A fara da wuta mai ƙarfi don ya dahu, sa'an nan a rage, hayaƙi ya busar da shi sannu a hankali. Kada a hura da roba ko leda ko tsohuwar taya.

5. Akwai murhun banda na laka mai suna Chorkor, wanda aka ƙirƙiro a ƙasar Gana cikin 1969. Ana jera faifan waya masu bakin katako bisa juna a kansa, hayaƙi ɗaya ya ratsa su duka. Yana cin itace kaɗan, yana ɗaukar kifi da yawa. Magini da kafinta na gari za su iya yin sa.

6. In ƙwaro ya shiga busasshen kifi, a mayar da shi wuta. Kada a yayyafa masa piya-piya ko wani maganin ƙwari. Guba ce ga mai ci.

Amsa ta biyu, watannin da aka ɗaga wa gurbi ƙafa su ne na gyaran jirgi, da ɗinkin raga, da sharar gona kafin shuka. Yawancinmu ai masunta ne kuma manoma.

LAFIYAR MASUNCI

Duk wanda ya ga jini cikin fitsarinsa, ko na ɗansa, tsargiya ce ake zato. Tsutsarta daga dodon koɗin ruwa take fitowa, ta ratsa fatar mai shiga ruwa. Akwai maganinta a asibiti, a je da wuri. A kuma hana yara fitsari da bayan gida cikin ruwa, don ta nan cutar ke komawa.

KU TUNA

Da hunturu a nemi kifi a zurfi, a fita in rana ta ɗaga. Da bazara a kwashe tafkin da zai ƙafe, a bar gurbin da ba ya ƙafewa. Raga inci 3, ba gidan sauro, ba guba, mai ƙwai a mayar da ita. Hausawa sun ce da ruwan ciki akan ja na rijiya. Kifin da muka bari bana shi zai jawo mana na baɗi.

Mai son a auna masa raga, ko a nuna masa yadda ake gina murhun banda, ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa. Sarkin Ruwa, ranka ya daɗe, maganar keɓe gurbi na bar ta a hannunka da dattawa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu a ruwa da tudu.