Ranar Da Ake Yaye Na'ura



Abin da muka zo da shi yau ɗan akwati ne wanda kusan duk wanda ke cikin ɗakin nan ya taɓa gani, amma ƙalilan ne suka taɓa tsayawa suka dube shi. Muna nufin na'urar nan mai ƙahoni biyu ko uku da ake ɗorawa a bisa kabad, wadda ke karɓo intanet ta rarraba wa kwamfutoci da wayoyin da ke cikin gida ko ofis, 'yan kasuwa suna kiranta rauta. Tun daga ranar da aka jona ta, muddin fitilunta na ƙyaftawa, ba mai sake waiwayarta. Alhali kuwa fitilar nan ba ta shaidar lafiyar na'ura.

Ita rauta ƙaramar kwamfuta ce. Tana da manhajar da ke tafiyar da ita dare da rana, kuma duk wasiƙar da ta fita daga ofis, da duk wadda ta shigo, sai ta bi ta hannunta. Babu manhajar da ɗan Adam ya rubuta wadda ba ta da kafa. Idan aka gano kafar, kamfanin da ya ƙera na'urar yakan fitar da gyara, wato faci, a ɗora mata. To, akwai ranar da kamfani zai ce daga yau wannan samfuri ya daina samun faci. Wannan rana ce muka kira ranar yaye. Keken da mutum ya gada daga mahaifinsa, in ya lalace, mai gyara a bakin kasuwa zai tashe shi. Ita kuwa rauta cutarta ba a waya ko a ƙarfe take ba, tana cikin rubutun da mai gyaran bakin kasuwa ba shi da ikon taɓawa.

An daɗe ana ganin akwai mafita. A ƙarshen 2002 kamfanin Linksys na Amurka ya fitar da rauta mai suna WRT54G. A 2003 masana suka gano cewa manhajarta an gina ta ne a kan Linux, wanda sharaɗin amfani da shi ya wajabta wa duk wanda ya sayar da kaya da shi ya bayyana asalin rubutun. Kamfanin ya bayyana. Daga wannan rubutu ne 'yan sa-kai suka kafa OpenWrt a 2004, manhaja ta kyauta wadda mutum zai ɗora a madadin ta kamfani. Shekara da shekaru, na'urar da uwarta ta yaye sai OpenWrt ta ɗauke ta riƙo. Talakawan na'urori masu araha, irin su TL-WR841N na kamfanin TP-Link, sun yi tsawon rai ta wannan hanya.

Sai ga shi mai riƙon ita ma ta sauke. Dalilin yana buƙatar ɗan bayani, don haka a yi mana haƙuri. Kowace rauta tana da rumbu inda ake ajiye manhaja, tana kuma da abin da za mu kira teburin aiki, inda ake baje manhajar lokacin da take gudana. Yawancin waɗannan masu araha rumbunsu megabait 4 ne, teburinsu kuma megabait 32. Megabait 4, jama'a, hoto ɗaya da kuka ɗauka da waya zai iya cinye shi. A cikin wannan ɗan wuri ake so a cusa zuciyar Linux, da abin da ke sarrafa rediyon na'urar, da katangar tsaro, da shafin da mai ita zai shiga ya daidaita ta. Linux kuwa kullum ƙara girma yake yi. Ga shi kuma tsaro ya ƙara nauyi: bayan da aka gano rauni a tsarin kulle WPA2 a 2017, sai aka fito da WPA3 a 2018, shi ma yana neman nasa wurin. An yi ta ragewa, a cire wannan a matse wancan, har aka kai inda in an sa manhajar ba sauran wurin da za a ajiye ko da saitin mai na'ura.

Saboda haka fitowar 19.07, wadda aka saki a watan Janairun 2020, ita ce ta ƙarshe ga masu megabait 4 da 32. Da 21.02 ta fito a watan Satumban 2021, mafi ƙarancin abin da ta nema shi ne rumbu mai megabait 8 da tebur mai 64. Ita kanta 19.07 an rufe gyaranta a 2022.

Mu dai ba mu ga laifin waɗannan mutane ba. Aikin sa-kai suke yi, kuma ba wanda zai zuba tiya biyu a kwanon tiya ɗaya. In akwai abin tuhuma, yana wuyan masu ƙira da suka ci gaba da sayar da na'ura mai ƙaramin rumbu don rage 'yan kuɗi kaɗan, ba tare da sun faɗa wa mai saye shekara nawa za su kula da ita ba.

Wani zai ce, to sai me, tun da tana aiki? Masu kutse ba su ƙyamar tsohuwar na'ura, ita suka fi so, domin kafar da aka gano a jikinta ba za a taɓa toshewa ba. A watan Mayun 2018 masu bincike na kamfanin Cisco suka ba da sanarwar wata muguwar manhaja mai suna VPNFilter da ta kama na'urori aƙalla 500,000 a ƙasashe 54, har hukumar FBI ta roƙi jama'a su kashe rautocinsu su sake kunnawa. A watan Janairun 2024 ma'aikatar shari'a ta Amurka ta ce ta cire wata irinta daga ɗaruruwan rautoci na gidaje da ƙananan ofisoshi, akasarinsu ƙirar Cisco da Netgear waɗanda aka riga aka yaye. Abin lura a nan, masu na'urorin ba su san ana hawan su ba. Intanet na zuwa, fitila na ƙyaftawa, ɓarawo kuma yana fakewa da adireshinsu yana kai hari wani wuri.

Wasu ƙasashe sun soma sa doka. Tun daga watan Afrilun 2024, a Ingila wajibi ne mai ƙera irin waɗannan kaya ya bayyana mafi ƙarancin lokacin da zai riƙa ba da gyaran tsaro. Tarayyar Turai ma ta kafa tata dokar a ƙarshen 2024, wadda za ta soma aiki sosai a ƙarshen 2027.

Abin ya shafe mu ta fuska guda da ba ta shafe su ba. Kayan da aka ajiye a can, sau da yawa nan suke sauka da sunan tokumbo, kuma mai saye yakan gwada abu ɗaya ne kawai: ta kama ko ba ta kama ba. Ku da za ku zama jami'an saye da masu kula da sito, takardar odar da za ku rubuta tana da gurbin farashi da na adadi, amma da wuya ku ga gurbin ranar yaye. Ku ƙara shi da hannunku, ku sa ɗan kwangila ya rubuta. In kuma ana so na'urar ta iya ɗaukar OpenWrt nan gaba, su kansu masu manhajar suna ba da shawarar kada a sayi ƙasa da megabait 16 da 128.

Wadda ke kan kabad ɗinku yanzu kuwa, ku sauko da ita ku kifa ta. Akwai takarda manne a ƙasanta mai ɗauke da sunan samfuri, kusa da shi kuma wata 'yar lamba ta zubin ƙira. Kada ku tsallake wannan 'yar lamba idan za ku duba shafin kamfani, domin TL-WR841N kaɗai an yi mata zubi fiye da goma, suna ɗaya, akwati kusan iri ɗaya, amma kayan cikin sun bambanta, har wani zubin ya samu gyaran da wani bai samu ba.