Hanyar Ƙaramin Jirgin Ƙasa a Birnin Kano: Jawabi ga Hakimai da Malaman Ofisoshinsu

Duk wanda ya tsaya a Bata da hantsi ya san halin da zirga-zirga take ciki a Kano. Tun da aka hana acaɓa a shekarar 2013, nauyin ɗaukar jama'a ya koma kan A Daidaita Sahu da ƙananan motoci, titunan kuwa sun cika har sun batse. Don haka ne ake yawan ambaton ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari, watau jirgi mai tarago kaɗan, wanda yake bin dogonsa na kansa, yana tsayawa a tasha bayan tasha, ya kwashi ɗaruruwan mutane a tashi ɗaya. Abin da wannan jawabi zai duba shi ne inda ya kamata irin wannan dogo ya bi, gama a nan ne aikin yake gyaruwa ko ya ɓaci.

Ƙasar nan ta taɓa ganin ƙaramin jirgi. Bayan da reluwe ya iso Kano a 1911, an shimfiɗa wani siririn dogo daga Zariya zuwa Jos da Bukuru, faɗinsa ƙafa 2 da inci 6, don jigilar kuza. Da babban dogo ya isa Jos ta Kafanchan a 1927, sai kuza ta sami wata hanya, ƙaramin jirgin ya yi ta ja da baya har aka rufe shi a 1957. Na zamanin nan ma akwai abin lura a cikinsa. An buɗe jirgin cikin gari na Abuja a 2018, daga tsakiyar birni zuwa Idu da filin jirgin sama, da reshe zuwa wajen Kubwa. Amma ɗimbin ma'aikatan da suke kwararowa kowace safiya daga Nyanya da Mararraba bai bi ta ƙofarsu ba. An dakatar da shi a 2020, sai 2024 aka sake buɗe shi. Na Ikko kuwa, da aka buɗe a 2023 daga Marina zuwa Mile 2, kilomita 13 ne kacal, amma an aza shi a kan hanyar da mutane suke bi tun da can.

To, in za a zana wa Kano hanya, kasuwanni ne za su nuna ta. A ɗauka jirgin ya tashi daga Dawanau, kasuwar hatsi, ya biyo hanyar Katsina ta Bachirawa da Rijiyar Lemo da Kurna, unguwannin da suke cike maƙil da masu zuwa kasuwa. Daga nan ya shiga Fagge, ya tsaya kusa da Kantin Kwari, sa'an nan Bata, inda mutanen Sabon Gari da Singa za su sauka. Lalle ne ya haɗu da tsohuwar tashar reluwe, don baƙon da ya zo da babban jirgi ya sami abin hawa nan take. Sai ya wuce ta Ƙofar Nasarawa ya kama hanyar Zariya, ya tsaya a Asibitin Malam Aminu Kano, ya ƙare a Unguwa Uku da Na'ibawa, inda manyan tashoshin mota suke. Reshen hanyar Gwarzo, ta Kabuga zuwa Jami'ar Bayero, yana iya jira sai na farko ya kafu.

Cikin birni kuwa a bar shi. Lungunan da suke kewaye da Kasuwar Kurmi ba za su ɗauki dogo ba sai an rushe gidajen da suka yi ɗaruruwan shekaru, abin da ya rage na ganuwa ma ya ga isasshiyar ɓarna. Ya wadatar a yi tashoshi a bakin ƙofofi, 'yan A Daidaita Sahu su riƙa kai mutane ciki. Ta haka sana'arsu ba ta mutu ba, sai dai tafiyarsu ta gajarta.

Aikin hakimai da malamansu ya danganci ƙasa. Dogo yana bukatar fili miƙaƙƙe wanda babu gini a kansa, a wasu wurare kuwa, kamar Fagge da Bata, sai dai a ɗaga shi bisa ginshiƙai, wanda kuɗinsa ya ninka na shimfiɗawa a ƙasa. Da zarar labari ya bazu cewa jirgi zai bi wani wuri, akan sami masu hanzarin kafa rumfuna da harsashin gini don su ci diyya, mai haƙƙi na gaskiya kuma, wata gwauruwa ko marayu masu gadon gida, a manta da su. Maganin wannan shi ne rajista tun da wuri. Ya kamata kowane hakimi ya sa dagatai da masu unguwanni su rubuta gidaje da shaguna da gonakin da suke bakin waɗannan hanyoyi, da sunan mai kowane, da shekarar da aka yi ginin, da ko akwai rigimar gado a kansa. Masallatai da maƙabartu a ware musu shafi dabam, a sanar da masu awon hanya kafin su kafa turakunsu, gama karkata dogo a kan takarda ya fi sauƙi nesa da karkata shi bayan an zuba siminti.

Akwai kuma ƙidaya. Malami guda da littafi, in ya zauna a mahaɗar Kurna ko Unguwa Uku kwana bakwai yana rubuta yawan motocin da suke wucewa safe da yamma, har da ranar Juma'a, zai kawo wa masu zanen hanya abin da taswira ba ta nuna musu. Waɗannan littattafai a ajiye su a ofishin hakimi, a aika da kwafinsu ga majalisar masarauta.