Sharon, Baƙon da Ya Zo da Gadonsa



Zan yi magana ne kan sharon, tsutsar nan da ta cinye tumatirin Kano da Kaduna a 2016. Wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi mai tashi da dare ke haifarta. Asalinsa duwatsun Andis ne na Kudancin Amurka, inda yake da ɗan'uwa mai huda dankalin Turawa. Daga Huancayo ta ƙasar Peru aka samo wanda masana suka raɗa wa suna a 1917. Ya shiga Sifen a 2006, cikin shekara goma ya iso mana.

Abin da ya dame ni shi ne sakamakon binciken ƙwayoyin gado. Waɗanda suka bazu Turai da Afirka kusan jininsu ɗaya, kuma tun daga can suka zo da gadon jure wa wasu magungunan feshi. Ba ruwansu da iyakar gona. In manomin Goronyo ya ninka magani iri ɗaya, masu taurin rai yake bari, su hayayyafa, jikokinsu su sauka fadamun Wurno da Rabah.

Don haka ku gaya wa mutanenmu a gida su riƙa sauya irin magani, su kuma binne tumatir da ganyen da suka kamu.