ZAƁEN KASUWAR INTANET: JAWABI GA ƘANANAN 'YAN KASUWA



Tun kaka da kakanni, wanda zai kafa rumfa a Kurmi ko Kantin Kwari ba ya ajiye haja sai ya bincika layin da masu sayen irin kayansa suke bi, ya san kuɗin haya, ya kuma san halin dillalan wurin. A yau ciniki mai yawa ya koma cikin wayar hannu, amma wannan bincike bai daina zama tilas ba. Maƙasudin wannan jawabi shi ne a bayyana wa mai sayar da kaya ɗai-ɗai irin kasuwannin da ke kan intanet, da abin da ya kamata ya auna kafin ya jefa jarinsa cikin ɗaya daga cikinsu.

Kasuwannin nan sun kasu kashi uku. Kashi na farko su ne manyan kasuwanni masu aikin dillanci, kamar Jumia da Konga, waɗanda aka kafa a Legas cikin
2012. A nan kamfani ne ke baje hoton kaya, ya karɓi kuɗi daga mai saye, ya shirya kai masa kayan. Daga baya sai ya cire la'adarsa da sauran kuɗaɗen hidima, ya biya mai kaya abin da ya rage. Amfaninsu shi ne kayan mutumin Zariya na iya kaiwa Fatakwal ba tare da ya san mai sayen ba. Wahalarsu kuwa ita ce la'ada, da jiran ranar biya, da gogayya da wasu masu sayar da kaya iri ɗaya a shafi guda.

Kashi na biyu su ne allunan talla, kamar Jiji, wadda ta fara aiki a 2014, da sashen kasuwa na Facebook. Su haɗa mai saye da mai sayarwa kawai suke yi. Tayi da sallamawa da biya da ɗaukar kaya duk suna wuyan mutanen biyu. Ba a cire la'ada daga cinikin da aka yi ido da ido, sai dai mai son tallarsa ta hau sama yakan biya. Irin wannan kasuwa ta fi dacewa da kaya masu nauyi ko na hannu, kamar firji da kujeru da babur, waɗanda mai saye ba zai yarda ya yi cinikin biri a sama a kansu ba.

Kashi na uku shi ne rumfar mutum ta kansa a WhatsApp ko Instagram ko TikTok. Mata masu turaren wuta da atamfa da yaji suna cin moriyarta. Babu dillali, amma babu kuma taron da mutum zai tarar. Shi ne zai tara masu sayensa da kansa, ta hanyar gaskiya da cika alkawari.

To, da me za a auna? Abu na farko shi ne lissafi. Alal misali, a ce baduku ya kashe naira 8,000 wajen ɗinka takalmi, ya sa masa kuɗi naira 12,000. In an ɗauka la'adar kasuwa kashi 15 cikin ɗari ce, naira 1,800 ta tafi ke nan. Kwali da leda su ci naira 500. Ribar da ya zata naira 4,000 ce ta koma 1,700. Idan kuwa mai saye ɗaya ya ƙi karɓar kaya, kuɗin mota zuwa da dawowa ya kai naira 3,000 a kan mai kaya, to ribar takalma kusan biyu ta salwanta. La'ada takan bambanta daga wannan nau'in kaya zuwa wancan, tana kuma sauyawa, saboda haka lalle ne a karanta sharuɗɗan kamfani a ranar da za a shiga, kada a dogara da ji-ta-ji-ta.

Abu na biyu shi ne lokacin biya. Mai ƙaramin jari da juyi yake rayuwa. Idan kuɗinsa zai kwana a hannun kamfani har sati ɗaya ko biyu, ya tambayi kansa ko yana da abin da zai saro sabon kaya kafin nan. Wanda kuma yake karɓar kuɗi da kansa, kada ya saki kaya don an nuna masa hoton rasit ko ya ga saƙon banki a waya, domin 'yan damfara suna ƙirƙirar duka biyun. Sai ya duba asusunsa ya tabbata kuɗi sun shiga. Lambar sirri ta kati, da lambar da banki ke aikowa don tabbatar da biya, ba a faɗa wa kowa su.

Abu na uku shi ne hanyar kai kaya. A bincika ko kamfani yana da wurin ajiye kaya a garin da mai sayarwa yake, da kuma wanda zai ɗauki asara idan kaya sun fashe a hanya. Wanda ke aikawa ta tasha ya rubuta lambar mota da ta direba, ya ɗauki hoton kayan kafin a ɗaure.

Abu na huɗu shi ne doka. Dokar kamfanoni ta 2020 ta tanadi rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, kuma rajistar tana sauƙaƙa buɗe asusun banki da sunan sana'a. Abinci da aka sarrafa aka ƙunshe, da magani, da man shafawa, suna buƙatar lambar hukumar NAFDAC, ko a kanti aka sayar ko a waya. Har wa yau, dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta ba mai saye ikon mayar da kayan da suka saɓa wa yadda aka siffanta su. Bugu da ƙari, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta mai da lambar waya da adireshin mai saye amana a hannun mai sayarwa. Mai niyyar aika kayan fata ko saƙa zuwa Ingila ko Amurka kuwa, sai ya fara yin rajista da hukumar bunƙasa fitar da kaya, watau NEPC.

Abu na biyar, kasuwa ba ta dawwama a hannu ɗaya. A 2018 kamfanin Zinox ya sayi Konga. A 2019 Jiji ta karɓi harkar OLX a Nijeriya. A ƙarshen 2023 Jumia ta rufe sashenta na kai dafaffen abinci, masu gidajen abincin da suka dogara da shi suka shiga neman wata hanya. Don haka mai hankali yakan riƙe hanya biyu, ya kuma ajiye littafin cinikinsa a wurinsa.

Shawara ta ƙarshe ita ce a fara da kaɗan, domin sai an gwada akan san na ƙwarai. Ɗan kasuwa ya sa kaya iri biyu ko uku a kasuwanni biyu har wata uku, ya riƙa rubuta abin da ya shiga, da abin da aka cire, da abin da aka mayar. Wadda ta bar masa riba a hannu bayan an fitar da kome, ita ce kasuwarsa.

Allah Ya ba da kasuwa mai albarka, amin.