Dogon Kaya a Gajeriyar Mota: Jawabi a Taron Shekara na Ƙungiya

Mai girma Hakimi, shugaban ƙungiya da muƙarrabansa, iyayenmu malamai, da 'yan'uwa da kuka taso daga Kano, Kaduna, Abuja da Legas, ina yi muku barka da zuwa gida.

An umarce ni da in yi magana kan abin da ya shafi ci gaban gari, sai na zaɓi wani al'amari da ake ganin ƙarami ne, wato yadda kayan gini suke isowa garin nan. Alhamdu lillahi, da yawanku kuna gini a gida. Ku sayi rodi a Ƙofar Ruwa, katako a Na'ibawa, ku ɗora wa a-kori-kura, ku sallami direba, ku koma ofis. Abin da zai faru a hanya kuwa, a ganinku, tsakaninsa da Allah ne. Ni kuma ina ganin akwai hannunku a ciki.

Ku yi haƙuri da tsohon malamin makaranta, sai mun ɗan yi lissafi. Tsawon rodi ɗaya mita 12 ne, kusan ƙafa 40. Ko an lanƙwasa shi biyu, mita 6 ne, ya fi motar kanta tsawo. Bayan a-kori-kura kuwa, ko Fijo 504 irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, ko Hilux, bai kai mita 2 da rabi ba. Ga kuma nauyi. Rodi mai kaurin milimita 12 ya haura kilo 10, guda 94 sun yi tan ɗaya. Mai milimita 16 kusan kilo 19 ne. Motar nan abin da aka ƙera ta ta ɗauka bai wuce kimanin tan ɗaya ba, amma sai ka ga an loda rodi 100, an ƙara buhu 10 na siminti, kilo 500 ke nan, sannan leburori biyu sun haye can bisa.

Idan kaya suka zarce tayoyin baya da yawa, motar takan zama kamar ma'auni: baya ya danne, gaba ya ɗaga. Tayoyin gaba su ne ke juya mota, to sun daina kama ƙasa sosai, fitila kuma tana haska sama maimakon titi. Idan direba ya taka birki ba shiri, mota za ta tsaya, amma rodi ba zai tsaya ba. Ƙarfe ne mai santsi, zai zarce gaba kamar mashi. A kwana kuma, wutsiyar kayan takan yi shara gefe, ta kwashi mai babur ko yarinya mai talla da direba bai ma gani ba. Kwanon rufi shi ma, in iska ta shiga ƙarƙashinsa ta fizge falle ɗaya, wuƙa ce ke yawo a sama.

Gyaran ba mai wuya ba ne. Dogon kaya wurinsa bisa ƙarfen da aka girka a kan mota, gaba da baya, yadda nauyin zai rabu. A fara ɗaure rodin kansa ya zama dami ɗaya, sannan a ɗaure damin da jikin mota a wuri uku, da sarƙa ko igiya mai ƙwari. Robar tsohon tub da aka saba da ita talewa take yi, ba ta riƙe ƙarfe. Mai nauyi ya zauna ƙasa, kusa da kan mota. A ɗaura jan ƙyalle babba a ƙarshen kayan. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, sukan duba shi, amma ba don su ake sa shi ba, kuma tsumman da ya yi baƙi da ƙura bai biya ba. Bayan an ɗan taɓa tafiya a tsaya a ƙara tamke ɗaurin, domin kaya kan zauna igiya ta saki. Tafiyar dare da irin wannan lodi kuwa, a bar ta.

Direba ya san duk wannan fiye da ni. Abin da ke sa ya yi kasada shi ne mai kaya da ya matsa a kwashe komai a sawu ɗaya, ya kuma taya kuɗin mota kamar yana cinikin tumatir. Garin neman gira ake rasa ido. Wanda zai iya sayen tan biyu na rodi zai iya biyan sawu biyu, ko ya ɗauki babbar mota. In kuma maƙerin ginin ya riga ya san awon ginshiƙai, a yanka rodin tun a kasuwa.

Ina roƙon kwamitin ayyuka ya sa wannan cikin sharuɗɗan duk kwangilar ƙungiya: kada a ɗora mutum a kan kaya, kuma wakilinmu ya tsaya ya ga ɗauri da idonsa kafin mota ta tashi. Masu gini a lokaci ɗaya su sanar da sakatare, a haɗa kayansu a babbar mota guda, a raba kuɗin.

Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum.