Land Cruiser, Patrol ko 'Yan Amurka: Wace Babbar Jif Ce Ta Cancanci Kuɗinka?

Yau a shirinmu na sufuri za mu taɓa tambayar da ta fi yawa a saƙonninku: in mutum ya tara kuɗinsa zai sayi babbar mota, wadda a Nijar muke ce wa kat-kat, 'yan uwanmu na Najeriya kuma su ce jif, wacce ya kamata ya ɗauka? Land Cruiser ta Toyota? Patrol ta Nissan? Ko manyan nan na Amurka, Chevrolet Tahoe da Ford Expedition?

Maganar ba ƙarama ba ce. Kuɗin irin wannan mota, ko da ta hannu ce, a garuruwanmu da yawa ya isa a gina gida. Wanda ya yi zaɓen tumun dare zai wayi gari da ƙarfe a ƙofar gida, ba ya iya zuba masa mai, ba ya iya gyara shi, in ya kai kasuwa kuma a yi masa tayin wulaƙanci. To, da ma'auni uku za mu auna su: jin daɗin zama, ƙarko, sai kuma ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu.

Mu fara sanin su. Land Cruiser da Patrol tsararrakin juna ne, duka biyun a 1951 aka fara ƙera su a Japan, kuma tun lokacin suke kishi. Wadda muke kira V8 ita ce Land Cruiser 200, an yi ta daga 2007 zuwa 2021. Magajiyarta, Land Cruiser 300, ta ajiye inji mai silinda takwas ta koma mai shida da turbo biyu. Patrol ɗin da ke gogayya da V8 ita ce Y62, wadda aka fara nunawa a Abu Dhabi a 2010, da injin fetur mai lita 5.6. Sabuwarta, Y63, ta fito a 2024, ita ma ta koma silinda shida. Ku lura, Nissan Armada da ake kawowa daga Amurka, daga samfurin 2017 zuwa sama, Patrol ce aka sauya wa suna. Haka Lexus LX 570, Land Cruiser 200 ce ta sa babbar riga.

To, ma'auni na farko: jin daɗi. A nan gaskiya Patrol ta sha gaban Land Cruiser, kuma akwai dalili. Tazarar da ke tsakanin tayun gaba da na baya a Land Cruiser mita 2.85 ce, ta Patrol kuwa ta haura mita 3. Wannan 'yar tazarar ita ce ke ba na kujerar tsakiya wurin miƙe ƙafa. Sannan kowace tayar Patrol Y62 tana motsi ita kaɗai. In ta dama ta faɗa rami, ta hagu ba ruwanta. Land Cruiser kuwa tayunta na baya suna kan ƙarfe guda ne, abin da ya taɓa ɗaya sai ɗayar ta ji. Saboda haka a kan kwalta, daga Yamai zuwa Doso ko daga Kano zuwa Katsina, na cikin Patrol ya fi samun barci.

Amma in maganar fili ce, 'yan Amurka ba su da na biyu. An yi su ne don iyali da doguwar tafiya a kan shimfiɗaɗɗen titi. Kujerun layi na uku na Expedition babban mutum yana zama ya sake, haka Tahoe daga samfurin 2021, lokacin da aka sake mata tsarin ƙafafun baya. Yayarta Suburban ma tsawonta ya kai mita 5.7. Layi na uku na V8 kuwa, mu faɗa wa juna gaskiya, na yara ne. Ka sa dattijo a can daga Maraɗi zuwa Tawa, sai ka nemi gafararsa in kun sauka.

Sai dai jin daɗi yana da gefe biyu. Abin da ke sa mota taushi a kan kwalta, shi ne ke fara lalacewa a kan burji. Manyan samfuran Patrol da Lexus LX 570 suna da shokozoba mai aiki da ruwa da bututai. Ranar da take lafiya, kamar kana kan katifa. Ranar da ta fara yoyo, ba kowane bakanike ke iya taɓa ta ba, kuma kuɗin kayanta ba wasa ba ne. Ƙarfen nan guda na bayan Land Cruiser, wanda muka ce yana jijjiga mutum, shi ne kuma ke jure kaya da rami da yashi shekara da shekaru. Kun ga ke nan kowane alheri da kuɗinsa.

Wannan ya kawo mu ma'auni na biyu, ƙarko. A nan ina so ku riƙe magana ɗaya: ƙarkon mota a ƙasashenmu ba a masana'anta kaɗai ake yin sa ba. Abu uku ne ke haɗuwa, wato ingancin ƙira, samuwar kayan gyara, da bakaniken da ya san motar. Land Cruiser ta haɗa ukun. Ku duba motocin ƙungiyoyin agaji da na ma'aikatu da ke shiga daji, ku ƙirga nawa ne Toyota. Wannan yawan ne ya sa kayanta suke ko'ina, daga Ƙofar Ruwa a Kano har garejojin Agadas, sababbi da na hannu, kuma yaran gareji sun tashi da hannunsu cikin injinta.

Ba wai ba ta da lalura ba. V8 mai gazuwal, mai lita 4.5, tana da ƙarfin ja kuma ta fi mai fetur tsimin mai, amma nozul ɗinta ba sa haƙuri da man da ya sha ruwa ko ƙasa. Ka saba zuba mata man kwalba na bakin hanya, wata rana za ka biya duk abin da ka rage har da riba. Mai fetur ɗin kuma, a riƙa duba famfon ruwa da lagireto in ta fara tsufa. Ko sababbin ba su tsira ba: a 2024 Toyota ta kira motoci kusan 102,000 a Amurka, Tundra da Lexus LX 600, saboda burbushin ƙarfe da ya rage cikin sabon injin nan mai silinda shida. Suna kaɗai ba ya hana mota ciwo.

Injin Patrol mai lita 5.6 ƙaƙƙarfa ne, dokinsa ya kai 400, kuma a ƙasashen Larabawa, inda zafi da yashi ba su gaza namu ba, ana ji da ita ƙwarai. Matsalarta a wajenmu biyu ce. Ta farko, Y62 ba ta da mai gazuwal sam. Ta biyu, kayanta ba su kai na Toyota yawa ba. Abin da mai V8 zai samu kafin la'asar, mai Patrol yana iya jiran sa daga Legas ko Dubai.

'Yan Amurka fa? Injin Tahoe mai lita 5.3 yana da wata dabara, yakan kashe wasu silindoji in mota ba ta ɗauke da nauyi don a rage shan mai. Dabara ce mai kyau, amma ƙananan ƙarafan da ke wannan aikin an san su da maƙalewa, musamman in ana jinkirin juye baƙin mai. A 2025 kuma General Motors ta kira motoci kusan 600,000 a Amurka masu injin lita 6.2. Expedition, tun samfurin 2015, injin silinda shida gare ta mai turbo biyu, daga 2018 kuma aka yi mata bodi na alminiyam. Ma'ana, in an buge ta, ba kowane mai bugun ƙarfe ko mai walda ba ne zai daidaita ta. Ga lantarki jibge. In ta tsaya maka tsakanin Tanut da Agadas, ba guduma take nema ba, kwamfutar gwaji take nema, da wanda ya iya karanta ta.

Akwai wata da ke tsaka-tsaki, Toyota Sequoia. A Amurka ake ƙera ta, tana da filin 'yan Amurka, kuma samfurin 2008 zuwa 2022 yana zuwa da injin lita 5.7 irin na LX 570. Bakaniken da ya san wancan ba zai yi baƙunta a wannan ba.

To, ma'auni na uku, aljihu. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a kalli kuɗin saye kawai. Lissafin mota kashi huɗu ne: abin da ka biya, abin da take sha, abin da gyara ke ci, da abin da za a ba ka ranar da za ka sayar.

Mu ɗauki mai. A gwajin hukumar Amurka, manyan injinan fetur na Land Cruiser da Armada suna shan kusan lita 16 a kilomita 100. Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne, wato sama da lita 140, kwatankwacin cikin tankin Patrol guda. A farashin sefa 499 da gwamnatin Nijar ta tsayar a 2024, wannan jika 70 ke nan zuwa kawai, ban da dawowa. A cikin gari, da kilim a kunne da cunkoso, shan ya fi haka. Na Najeriya kuma ba sai an tuna muku ba, tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, kuma ba ta tsaya nan ba. Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.

Wajen saye, Land Cruiser ta fi tsada. Patrol ko Armada ko Tahoe mai shekaru ɗaya da ita yawanci za ka same ta ƙasa da haka, har ka ji kamar ka yi tsintuwa. Amma ranar sayarwa labari ke juyawa. V8 kafin ka rufe baki dillalai sun kewaye ta, ana nemanta a Kano, ana nemanta a Yamai da Injamena. 'Yar Amurka kuwa sai ta yi watanni tana shan ƙura a wurin dillali, don mai saye shi ma yana tunanin kayan gyara. Siyan na gari mayar da kuɗi gida, in ji masu iya magana.

Kafin mu yanke hukunci, ga gargaɗi ga mai sayen ta hannu, ko wace iri ce. Na ɗaya, kusan kowace mota tana da lambar shasi mai harufa da alƙaluma 17. In daga Amurka ta fito, da wannan lambar ake bincika tarihinta a intanet, a ga ko ta yi hatsari ko ambaliya ta cinye ta aka yi gwanjonta. Ɗaga kafet, ka shinshina, ka duba tsatsa a ƙarƙashin kujeru. Na biyu, kada ka yarda da abin da agogon kilomita ya nuna, ana juya shi baya. Dubi sitiyari da fedar birki da kujerar direba, su ba sa ƙarya. Na uku, guji wadda aka sauya wa hannun tuƙi daga dama zuwa hagu, ranka ne a kan wannan waldar. Na huɗu, mai gazuwal da aka yi wa kasuwar Turai tana da matatar hayaƙi da ke son mai tsaftatacce sosai, in ba ta samu ba sai ta toshe. Na biyar, takardu. A Janairun 2017 Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma bayan juyin mulkin Yulin 2023 hanyar Kwatano zuwa Nijar ta rikice, kaya da yawa suka koma biyowa ta Lome. Don haka ka tabbatar da takardar duwan ko ta kwastan a ofishinsu da kanka. Mota mai araha wadda za a ƙwace a shingen farko ba araha ba ce.

To, ina muka tsaya? In aikinka na shiga daji ne, gona, rugage, kasuwannin ƙauye, ko kana son ranar da ka matsu ka mayar da mota kuɗi cikin mako, Land Cruiser ce taka, ka daure ka biya. In yawancin tafiyarka kan kwalta ce tsakanin manyan birane, kana son taushi da ƙarfi, kuma kuɗin fetur ba zai hana ka barci ba, Patrol za ta ba ka abin da ya fi kuɗinta. In iyalinka na da yawa, kana zaune a Kano ko Abuja ko Yamai kusa da garejin da ke da kwamfuta, kuma ka yi niyyar riƙe ta har ta tsufa, to Tahoe ko Expedition ko Sequoia ba laifi.

Akwai kuma amsa ta huɗu da ba a cika son ji ba. Mutane da yawa da ke neman V8, abin da aikinsu ke buƙata Prado ce ko Hilux. Ka tambayi kanka: in na biya kuɗin motar nan, zan iya sauya mata taya huɗu a rana ɗaya ba tare da na taɓa jarina ko kuɗin makarantar yara ba? In amsar a'a ce, to daidai ruwa daidai tsaki.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba tayoyi: yadda ake karanta shekarar da aka ƙera taya a jikinta, da abin da zafin bazara ke yi wa tsohuwar roba. Ku ci gaba da aiko da tambayoyinku, direbobi da kanikawa musamman muna son jin ta bakinku. Allah ya kiyaye hanya, ya sa mu sauka lafiya. A huta lafiya.